Lasifikar Baba

Duk sanda na ji wani yana cewa wai mutanen zamanin da sun fi na yanzu kunya, sai in ji raina ya ɓaci. Wace kunya? Ni na zauna da su, kuma da idona na ga abin da suka yi wa mahaifina a masallacin unguwarmu a Kontagora.

Baba shi ne ladanin masallacin tun kafin a haife ni. Ba a ba shi komai a kai, gonarsa ta dawa ce ke ci da mu, amma kiran sallar nan shi ne rayuwarsa. Sunansa ma ya ɓace a bakin mutane, Ladan kawai ake ce masa. Bayan an gama yaƙin basasa, wata damina tari ya kama shi, ya tafi da rabin muryarsa. Da, masu wanki a bakin rafi suna jin kiransa. Yanzu na bayan masallaci ma sai sun kasa kunne.

Akwai wani Alhaji a unguwar, mai sayo gyaɗa da dawa daga Kasuwan Garba. Shi ya yi wa masallacin rufin kwano, kuma tun daga ranar ya ɗauka har da mu da ke sallah a ciki ya saya. Yana da wani ƙane, ƙato mai murya irin ta 'yan kamashon tasha, wanda ba ya aikin fari balle na baƙi, sai goge keke. Alhaji ya fara ƙorafi wai sallah tana wuce shi saboda ba ya jin kira. Mutumin da ke da agogo a hannu da wani a bango! Kowa ya gane inda maganar ta dosa, ƙanensa yake so a ba ladanci.

Lokacin ina da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa. Na ce ba za a yi haka ina kallo ba. Na tattaro gawarwakin rediyoyin da mutanen Rijau da Kumbashi suka kawo gyara suka watsar, na ciro abin da ke da sauran rai a cikinsu, na haɗa a cikin akwatin katako. Ƙahon lasifika na samo shi daga motar wani mai tallar magani da ta mutu a tasha, batir kuma tsohon na gingimari ne. Abin da ya fi ba ni wuya waya ce, har Allah ya haɗa ni da wani direba da ya yi aiki a Kainji, ya ba ni wata irin waya da ban taɓa gani ba. Faɗi gare ta kamar ɗamara, silla-silla a jere manne da juna, kowane sili da launinsa: ja, rawaya, kore, shuɗi, fari, baƙi. Akwatin yana cikin masallaci, wayar ta fita ta taga ta bi bango zuwa dakalin da Baba ke tsayawa. A can na tsaga ta. Sili biyu suka tafi makirfo, biyu suka hau bishiyar mangwaro wurin ƙaho, biyun ƙarshe na sa musu wani ɗan maɓalli daidai hannun Baba.

Maɓallin nan shi ne abin da na fi alfahari da shi. In tari ya taso masa yana cikin kira, sai ya danna da babban yatsa, lasifika ta yi shiru, ya yi tarinsa ba mai ji, ya saki ya ci gaba. Ni da shi kaɗai muka san amfaninsa.

Ranar farko da la'asar Baba ya tsaya yana harare-hararen makirfon.

"Kai, abin nan ba zai ƙara mini abin da ban faɗa ba?"

"Ba zai ƙara ba, Baba. Faɗa kawai."

Ya faɗa. Wallahi sai da tsuntsayen mangwaron suka watse. Mata suka leƙo ta katanga, wasu Kambarawa da suka kawo kaya kasuwa suka tsaya da buhuna a ka suna kallon bishiya. Ranar Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari, abin da rabon mu gani tun kafin ciwon.

Daɗin bai daɗe ba. Wata azahar na ji shiru, na rufe rumfa na taho. Na tarar an yanke wayar daidai ƙasan taga, an tafi da kusan kamu guda. Yankan reza ne, tsaf, ba ɓera ba, ba akuya ba.

Wanda bai taɓa haɗa irin wayar nan ba, ba zai san abin da aka yi mini ba. Ba a ƙulla ta kamar igiya. Sai ka sa reza ka raba sillan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada ka ji wa na kusa ciwo. Ka feƙe bakin kowanne, ka murɗa ja da ja, kore da kore, ka ɗora ƙarfe a garwashi ya yi zafi, ka ɗiga dalma. Kuma ba ka jera mahaɗan wuri ɗaya, sai ka sa wannan gaba, wancan baya, don kada su taɓa juna su ƙone maka akwati. Sannan ka naɗe kowanne da robar tsohon tubun keke. Ina tsugune cikin rana ina wannan aikin, gumi na shiga mini ido, Alhaji ya zo ya tsaya a kaina.

"Ai na faɗa, kayan bola ne. Sallar mutane za a rataya a kan kayan bola?"

Saboda Baba yana wurin, na ci gaba da aikina kawai.

Aka sake yankewa, na sake cikewa da ɗan guntun da ya rage mini. Aka kuma. A lokacin samari suna yayin naɗa waya mai launi a sifokin keke da hannun birki, 'yan mata kuma suna saƙa awarwaro da ita, saboda haka na zaci yara ne. Sai ran nan na ga keken ƙanen Alhaji jingine a ƙofar masallaci. Ja, rawaya, kore, shuɗi, fari, baƙi, a naɗe a sifoki, wasu ma ko rabuwa ba su gama yi da juna ba. Kai! Ban san sanda na sungumi keken na dire shi a gaban Liman ba.

"Allah gafarta Malam, ku duba wannan. A duk Kontagora wa ke da irin wayar nan in ba ni ba?"

Liman ya dubi keken, ya dubi Alhaji, ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano. Ya ce a yi haƙuri, ƙuruciya ce. Ƙuruciya! Mutum da gemu, da 'ya'ya a makaranta! Alhaji kuwa cewa ya yi waya ai waya ce, duk kamarsu ɗaya, kuma bai kamata ɗan Ladan ya riƙa ɗaga murya a gaban manya ba. A ƙarshe ni aka sa na ba da haƙuri, ni da aka yi wa sata.

Yankan ƙarshe shi ya gama da mu. An tafi da babban yanki, ni kuma ba ni da sauran ko ɗan yatsa na wayar, direban ma ya bar gari. Dole na zare silla biyun maɓallin Baba na cike na makirfo da na ƙaho da su. Na gaya masa yanzu ba abin dannawa, in an kunna daga ciki, sai an gama. Ya ce ba komai, Allah zai rufa asiri.

Ba a yi nisa ba, wata la'asar yana tsakiyar kira tarin ya shaƙe shi. Ina rumfata a kasuwa na ji. Kowa ya ji. Tari, da haki, da wannan kukan da ƙirjinsa ke yi in numfashi ya ƙi shiga, duk lasifikata ta kwashe ta watsa wa gari. Na sheƙo da gudu, kafin in iso har yara sun fara kwaikwayonsa a lungu suna dariya. Ya dai ƙarasa kiran, yana dafe da bango.

Bayan magariba dattawa suka zauna. Ba wanda ya ce kanzil game da waya, ba wanda ya ambaci keke. Suka ce saboda tausayi za a hutar da Baba. Tausayi, ka ji fa! Ƙanen Alhaji ya zama ladan. Na ce to a ba ni akwatina da ƙahona, aka ce ai sun zama na masallaci, ba a mayar wa mutum abin da ya ba Allah. Tir! Kuma tun daga ranar ba a ƙara yanke wayar nan ba, ko ƙwarzane.

Baba ya ci gaba da zuwa sallah yana tsayawa a sahun baya, har ƙafa ta gaza masa, kunne ma ya yi nauyi, ya koma yi a zaure.

Da wata damina ta zagayo, iska ta fizgi wayar, ɗaya daga tsofaffin mahaɗan ya saki. Aka aiko mini wai in zo in gyara. Na ce wa ɗan aiken ya je ya ce su kwance ta jikin keke su gyara da kansu. Na zo gida ina huci, ina ba Baba labari, ina jiran ya ce na yi daidai.

Ya ce, "Ashe shi ya sa. Tun jiya ban ji kira ba, na zaci kunnen ne ya ƙarasa."

"Baba, mutumin da ya yanke mana waya fa!"

"Na sani. Tashi ka je ka gyara. In ba ta ƙahon nan ba, ba na ji daga nan."

Na je. Na tsuguna a ƙasan tagar nan, na raba sillan, na murɗa, na ɗiga dalma. Keken yana jingine a gefena da wayata a jikinsa, mai shi kuma yana tsaye yana cewa in hanzarta, lokaci ya kusa. Ban ɗaga kai na dube shi ba, don na san abin da zan aikata in na duba.

Ina shiga zaurenmu aka fara kiran la'asar. Baba yana zaune a kan buzu, ya karkata kai wajen ƙofa, yana amsawa kalma bayan kalma. Can tsakiya tari ya taso masa. Sai na ga ya danna babban yatsansa a kan gwiwarsa, ya riƙe har tarin ya wuce, sannan ya saki.