Tukunyar da Gwaggo Ta Zaɓa

A danginmu ba a sayen tukunya sai an tambayi Gwaggo. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana girki a wata makarantar kwana, tana ciyar da yara ɗari huɗu sau uku a rana, har hayaƙi ya rage mata ganin ido ɗaya, bayan hannayenta kuwa duk tabon ƙuna ne. Da ta ajiye aiki ba ta fito da komai ba sai ciwon gwiwa da sanin tukunya. Sanin nan kuwa ba ta rowarsa, ko ba ki tambaya ba za ta ba ki.

In za ki raka ta kasuwa, to ki sallama wuninki. Za ta ɗaga tukunya da hannu ɗaya ta ji nauyinta, ta kife ta ta duba gindin, ta ƙwanƙwasa da zobenta ta kara kunne. Ta ɗora murfin ta juya ta ga ko ya zauna daidai. Ta ja hannayen kamar mai neman faɗa da su. Masu shaguna tun daga nesa suke shan toka in sun hango ta, don sun san za a sauke musu rabin kanta a tafi ba a sayi ko cokali ba. Farar tukunya marar kauri, ta ce gwangwanin madara ne aka yi wa murfi. Mai baƙin shafe a ciki wadda abinci ba ya kamawa, ta ce ta ragwaye ce, wata shida za ta fara saɓa. Mai murfin gilashi kuwa ta masu kallon abinci ce, ba ta masu dafa shi ba.

Ƙa'idarta ɗaya ce: nauyi. Tukunya mai nauyi tana riƙe zafi, ba ta ƙona abinci, ba ta lanƙwashewa, kuma jika ma sai ya gaje ta. Shi ya sa duk zagayen nan a wuri ɗaya yake ƙarewa, a rumfar wani dattijo mai zubi a ƙarshen layin masu ƙarafa. Shi yake narka ƙarfe ya zuba ya fitar da tukwane masu kauri, kuma sun fi shekara ashirin suna hulɗa da Gwaggo. Ni kan yi mita in ce tun da nan za mu ƙare, me ya sa aka wahalar da ƙafafuna? Sai ta ce ai sai kin ga marasa kyau za ki san darajar mai kyau, ke dai bakinki ya fi hannunki aiki.

Gaskiyarta ce, ina da baki. 'Yata ma ta gado ni. Kafin ta cika shekara biyu ta iya kwaikwayon mai tallan burodi da tarin maƙwabcinmu, har babanta ya sa mata Aku, sunan ya bi ta. Gwaggo kuwa ƙawata take ce mata. Lokacin da na fara ba ta abinci, Gwaggo ta zo da wata 'yar ƙaramar tukunya a ƙunshe cikin zane, ta ce ta sa an zuba ta musamman domin ƙawarta, kada a riƙa dafa mata abinci a inda barkono ya taɓa shiga. Ta koya min yadda zan kula da ita: in goge cikinta da soson ƙarfe kullum har ta yi ƙyalli, in dafa tumatir da wake a hankali su daɗe a kan wuta, abin da ya rage in bar shi a ciki in ɗumama. Na bi umarnin nan tiryan-tiryan, shekara biyu da 'yan watanni.

Ciwon bai zo da hayaniya ba, shi ya sa ya daɗe yana cin mu. Aku ta fara ƙin abinci, tana riƙe ciki, ta yi kwana uku ba ta yi bayan gida ba. Ta yi fari fat, ta koma rigimammiya. Muka ce haƙori ne, muka ce tsutsar ciki ce, muka ce ƙiriniya ce. Gwaggo ta dawo gidanmu da zama don ta taya ni, ta karɓe girkin yarinyar gaba ɗaya, tana lallashinta loma-loma daga 'yar tukunyar nan. Abin da ya tsinka min zuciya ya faru ne wata safiya. Mai burodi ya wuce yana kiransa, na juya ina jiran Aku ta amsa masa kamar kullum, sai na ga ta bi ƙofa da ido kawai. Na ce mata, faɗi burodi. Ta dube ni kamar ba ta taɓa jin kalmar ba. Na tsaya na lissafa a raina, sai na gane ta fi mako biyu ba ta haɗa kalma uku a jere ba. Ko takalmi ban saka daidai ba na goye ta sai asibiti.

Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Likitar, wata mata mai magana a hankali, ta zaunar da ni da baban Aku ta ce akwai dalma a jinin yarinyar, kuma da yawa. Ta ce guba ce da take taruwa kaɗan-kaɗan, jikin yaro ƙarami ya fi saurin shanta, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Na tambaye ta ko maganar Aku za ta dawo. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce a fara magani, amma magani ba zai yi amfani ba in ba a gano ta inda gubar take shigowa ba, don kullum ƙara mata ake yi. Kalmar nan, kullum, ita ta hana ni sukuni. Na dawo gida ina kallon bango da famfo da tabarma kamar ɗayansu ne yake jira in juya baya.

Bayan kwana biyu wani ma'aikacin lafiya ya zo da jaka. Ya kankare fentin bango ya zuba a leda, ya ɗebi ruwan famfo, ya ɗauki 'yar tsanar Aku da ƙasar tsakar gida. Da ya shiga ɗakin girki ya tambayi a ina ake dafa wa yarinyar abinci, Gwaggo ce ta miƙa masa tukunyar da hannunta, har da ɗan alfahari, ta ce ya duba ya ga ko ya taɓa ganin mai tsabta irinta. Ya juya ta, ya shafa cikin da yatsa, ya tambayi inda aka saye ta da irin abin da ake dafawa. Da ya ji ana goge ta da soson ƙarfe kuma tumatir yana kwana a ciki, sai ya sa ta a jakarsa tare da manyan tukwanenmu guda biyu. Ya ce kafin sakamako ya fito kada a sake girki da irinsu. Na ga Gwaggo ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta rufe, ta nemi kujera ta zauna.

Kwana biyar muka jira. Na ari wata farar tukunya a wajen maƙwabciyata, irin wadda Gwaggo take kira gwangwanin madara. Gwaggo ta daina shiga ɗakin girki. In na zuba mata abinci sai ta juya cokali ta ajiye. A rana ta uku ta yafa mayafi ta ce in raka ta wajen mai zubi, ba rumfarsa ba, inda yake aikin. Shekara ashirin tana sayen kayansa, ba ta taɓa zuwa can ba. Muka same shi a wani fili bayan garejin motoci, ya tarbe mu da murna ya share mana benci. A gefen murhunsa ga tulin abin da yake narkawa: gwangwanaye, tsofaffin sassan injin mota, bututai masu fenti, da wasu abubuwan da ban san sunansu ba. Gwaggo ta tambaye shi ko duk wannan yana shiga tukunya. Ya ce ƙwarai, ai sassan injin nan su ne suke ba ta kauri da nauyin da take so, kuma nata yakan ƙara mata don ya san ba ta son shara-shara. Ya faɗa da zuciya ɗaya, don shi ma a irinsu ake dafa wa jikokinsa. A hanyar dawowa sai da na riƙe ta sau biyu.

Ranar da ma'aikacin ya kira waya ina tsaye a tsakar gida, Gwaggo tana zaune Aku na kwance a cinyarta. Ya ce fenti lafiya, ruwa lafiya, ƙasa lafiya. Tukwanen ne, kuma ƙaramar ta fi sauran nesa ba kusa ba. Na kashe wayar, raina ya ɓaci, tsoron da na yi makonni ina haɗiyewa ya fito ta bakin nan nawa da ba ya jin birki.

Na ce, "Gwaggo, ke kika kawo ta. Ke kika ce in goge, in bar abinci ya kwana a ciki."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shafa kan yarinyar, can ta ce, "Ni ce. Kuma da hannuna na riƙa tura mata, tana kawar da kai ina lallashi."

Har yau in na tuna maganata sai kunya ta rufe ni. Na ba ta haƙuri a ranar, na sake ba ta washegari, ta ce ba ta ga abin yafewa ba, gaskiya na faɗa.

Washegarin ne ta fara zagaye. Da gwiwar nan tata mai ciwo ta bi gidajen dangi da na maƙwabta, duk inda ta san ta taɓa zaɓa wa wani tukunya, gida goma sha tara. A kowane gida sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta zo karɓar kuskurenta, kuma a kai yara a duba jininsu. Wata matar ɗan'uwanmu ta ƙi bayarwa, ta ce ai tukunyar da Gwaggo ta zaɓa ba ta da aibu, likitoci ne da neman magana. Gwaggo ta shiga da kanta ta juye mata shinkafa a roba ta fito da tukunyar da zafinta. Ta koma wajen mai zubin ma ta gaya masa.

Sabuwar tukunyar Aku ni da babanta muka saya, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wadda ma'aikacin ya kwatanta mana. Gwaggo ta ce sai ta yi mako guda tana cin abin da aka dafa a ciki kafin yarinyar ta ɗanɗana. Na gaya mata likita ta ce hakan ba ya nuna komai, ta ce ta ji, amma a zuba mata.

Wata huɗu ana magani. Cikin Aku ya daina ciwo, jini ya dawo fuskarta, kalmomi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wasu a karkace. Ni kuwa kowace kalma sai na auna ta da ta yaran maƙwabta, in ta yi shiru na minti biyar gabana ya hau faɗuwa. Ranar gwaji na uku Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata. Likitar ta duba takarda ta ce dalmar ta ragu sosai, mun yi ƙoƙari. Ni har na fara hamdala, sai Gwaggo ta matso da kujerarta.

Ta ce, "'Yata, ba takarda nake tambaya ba. Kanta fa? Ya tsira?"

Likitar ta ajiye biro. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, wannan ba a ganinsa a jini. Wasu yaran sukan warware sarai, wasu kuma sai sun shiga aji an fara karatu da lissafi ake gane abin da ya taɓu. Gwaggo ta tambayi yaushe ke nan, aka ce mata nan da kamar shekara uku.

Muka fito muka zauna a bencin baranda muna jiran baban Aku ya zo ɗaukarmu. Yarinyar tana ƙasa tana wasa da igiyar takalminta. Gwaggo ta daɗe tana kallonta da idon nan nata mai kyau. Shekararta saba'in da huɗu a lokacin.

Ta ce, "Ban taɓa jin tsoron mutuwa ba sai yau. Ki taya ni roƙon Allah ya ara min shekara uku. Ko mene ne, ina so in kasance a wurin in an faɗa."