Ranar da Injin Jirgi Ya Yi Zafi a Tsakiyar Kwara

Lokacin sanyi, idan an gama cin tuwo, Kaka Hajo takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta a Azarori, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gujiya a toka. Ita ta haifi mahaifiyata. Yawanci labarin kura da dila take ba mu, mu yi ta dariya. Amma akwai labari guda da ba ta fara shi da wasa. Takan gyara zama ta ce, "Wagga ba gatana ba ce. Da idona na gani."

Shekarar da fara ta cinye gero, an tafi da kakanmu aikin dole na hanya, rumbu kuwa babu ko zangarniya. Kaka ta sayar da awakinta, ta bar mahaifiyata, tana budurwa a lokacin, da ƙannenta biyu. Ƙaramin, Idi, bai daɗe da yaye ba. Ta bi ayarin jakuna har bakin kogin Kwara, ta ƙetare, ta samu dawa buhu guda. Madugu ya ce da la'asar za su juyo, ba za su jira kowa ba. A dawowa, don ta yi sauri, sai ta shiga jirgin wani ɗan kasuwa mai inji.

Mai kula da injin wani Bazabarme ne, Sumana. Suna tsakiyar ruwa sai muryar injin ta sauya, wari ya tashi irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone. Sumana ya leƙa gefen jirgi, inda wani bututu ke tofar da ruwan da ya gama sanyaya inji. Ruwan ya koma ɗigo. Nan take ya kashe inji, aka sa gora aka tura jirgin bakin wani tudun yashi.

Mutane suka hau Sumana da faɗa. Wani ya ɗebo ruwa a ƙwarya zai watsa wa injin, Sumana ya cafke masa hannu. "Ka zuba, ƙarfen ya tsage, shi ke nan babu mai gyara shi."

Kaka ta ce ta durƙusa masa. "Don Allah ka tashe shi hakanan. Ɗiya ukku na baro gida da yunwa."

"Na ji, Inna," in ji shi. "In na tashe shi hakanan, a nan zai mutu, ya bar mu."

Sai da ƙarfen ya huce sannan Sumana ya fara bin hanyar ruwan tun daga mafarinta. Ya nutse ƙarƙashin jirgi, ya laluba bakin bututun da ke shan ruwa, ya fito da 'yar ciyawa. Ya tada inji, har yanzu ɗigo. Ya sake kashewa. Ya bi bututan da tafin hannu: wanda ya taso daga kogi da sanyinsa, wanda ke gaban famfo kuwa zafi rau. "Nan ruwan ke tsayawa," ya ce. Da ya kwance famfon sai ga fatar da ke jan ruwa, yashi ya cinye ta ta zama tsumma. Babu wata fatar a jirgin.

"Na dubi rana, na dubi ƙafata," in ji Kaka. "Nic cire takalmina, nib ba shi."

Ya yanko fatar takalmin daidai bakin famfo, ya murza ta da mai har ta yi laushi, ya ɗaura. Ruwa ya feso, jirgi ya ɗauki kabbara.

Amma sai bayan magariba suka isa gaci, ayari ya riga ya tashi. Ta zauna jiran wani, sannan ta taho gida ba takalmi. A bayan gari mahaifiyata ta tarye ta, riƙe da hannun yaro guda. An binne Idi kafin ta iso.

Kaka ba ta tsawaita wannan wurin. "Munka dahwa dawa, munka ci," kawai take cewa, ta tura toka kan garwashi.

Na daɗe ina jin haushin Sumana. Wata rana na faɗa mata, sai ta dube ni ta ce, "Da ya biye mamu, da dawar ba ta iso ba. Da uwakka ma ba ta kai damina ba."

Yanzu na wuce shekarun da take da su a jirgin nan, na kuma binne ɗan cikina. Sai a lokacin na gane abin da ya sa take bin bututan nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ita ta gyara injin. A duk tafiyar, shi kaɗai ne abin da ya lalace aka gano ciwonsa, aka kuma yi masa magani. Sauran kuwa ta bar wa Allah, har ta koma gare Shi ban taɓa jin ta ɗora wa kowa laifi ba.