Ƙaurin da Yaya Kaɗai Ya Ji

Yayanmu mai gyaran wuta ne, kuma da hanci yake aiki. Zai shiga gida ya ja numfashi ya ce, "Wayar bayan firij ce." A duba, ita ce. Matarsa har tsokanarsa take, wai hancin ya kamata a biya kuɗin aiki.

To ranar da ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai ya ce yana jin ƙaurin waya, wa zai musa? Babu wanda ya ji komai, amma muka kashe mita, muka janye kujeru. Ya kwance soket ɗin falo, na ɗaki, na kicin, yana gumi yana zaro wayoyi daga bango, mu kuma muna miƙa masa sukundireba. Yini guda, wallahi!

Can da yamma 'yarsa ta kawo masa ruwa. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Yarinya, ina masu gidan?" Kafin in buɗe baki ya zube ƙasa yana fizge-fizge.

A asibiti likita ta tambayi yadda abin ya fara. Da na ambaci ƙaurin sai ta ɗago kai.

"Ku kun ji shi?"

"A'a, likita."

"Ba daga bango yake ba, daga ƙwaƙwalwarsa ne."

Ta ce tana zargin ƙwayar cutar nan da ke fesa ƙuraje a leɓe; wani lokaci takan hau kai ta kumbura ƙwaƙwalwa. Aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa don gwaji, aka ɗaura masa maganin ta jijiya nan take.

Matarsa ta ce, "Ba za a jira sakamako ba?"

Likita ta ce, "Aunty, ita cutar ba ta jira. Duk awa ɗaya tana cin wani abu."

Na tuna yinin da muka ɓata, na ji kamar in kurma ihu.

Gwaji ya tabbatar. Makonni ana ƙarin ruwa, muna gadin bakin gado. Ranar da ya kira 'yarsa da sunanta, na yi kuka har da majina.

Yaya ya dawo gida, ya san kowa, sai dai sabon abu ba ya zama a kansa. Kullum da safe zai tsaya a falo ya dubi ramukan bango, ransa a ɓace, ya ce, "Wane sakarai ne ya yi wannan aikin?"

Sai 'yarsa ta ce, "Wani ne, Baba. Ba shi da lafiya lokacin."