Rigar da Tela Ya Warware a Asibiti

Faɗanmu da Tela a kan riga ne. Ni ce mai gawayi a bakin shagonsa, a wurina yake cika dutsen guga. Na ba shi atamfa ya ɗinka mini, ya kawo mini abin da ko buhu ya fi shi fasali. Kafaɗar dama ya bi ta da keke, ya sake bi, ya sake bi, har ɗinkin ya yi tauri kamar igiya. Hannun hagu kuwa ya haɗe bakinsa ruf.

Na ce, "Kai ɗan nema, wa ya gaya maka hannu ɗaya gare ni?"

Ya ce, "'Yar tsohuwa, ke ba ki san yayi ba." Yana faɗa yana taune muƙamuƙi, idanunsa jajur.

"Yayin gidanku," na ce, na naɗe rigata na cusa a ƙarƙashin tabarma.

Da can ba haka yake ba. Tela mutum ne da zai dube ka sau ɗaya ya san faɗin ƙirjinka, tef ɗin wuyansa kusan na ado ne. Abin ya faro ne da aikin rigunan makaranta da ya fi ƙarfinsa. Wani ya nuna masa ƙwayar nan da suke kira ais, mai kama da fasasshen gilashi, ya ce in ya zuƙi hayaƙinta barci ba zai san hanyar idonsa ba. Haka kuwa aka yi. Keke ya dinga gudu, Tela ya dinga ramewa, har ya gaskata cewa hannunsa a cikin hayaƙin nan yake.

Da abin ya fito fili, yayansa ya kulle shi a ɗaki a gida. Tela ya faɗi yana barci kamar gawa. In ya farka ya share tukunya, ya koma ya kwanta. Dangi suka duba suka ce, "Ga barci, ga ci, ai ya warke." Suka mayar da shi shago.

Ya zauna gaban keke, ƙafarsa ta ƙi taka shi. Duniyar ta yi masa salam, dariyar 'yarsa ma ba ta kai masa ko'ina. Masu kaya na tsaye a ƙofa suna tsaki. Ba a jima ba ya koma wa ƙwayar, fiye da da. Ranar da matarsa ta same shi ya ƙura wa almakashi ido yana cewa zamansa ba shi da amfani, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ce ya tashi, shi ma bai yi gardama ba, suka nufi asibiti.

Likitar ba ta ɓoye masa ba. Ta ce babu allurar da za ta wanke wannan a tashi ɗaya. Za su ba shi abin da zai daidaita barcinsa, su kula da cinsa da bugun zuciyarsa, su zauna da shi su yi ta magana. Barcin farko ba warkewa ba ne, jiki ne ya zube. Baƙin cikin da ke biyo baya shi ne abin tsaro, shi ya sa za su riƙe shi. Suka karɓi almakashinsa da reza, har tef ɗin wuyansa. Ya yi ta shafa wuyan kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Bayan barcin ya sake shi na je dubiya. Na same shi a ɗakin zama ya juya wa taga baya.

Ya ce, "'Yar tsohuwa, hannuna ya mutu. Ba tare da abin nan ba, ko maɓalli ba zan iya sa wa ba."

Na zaro rigar na jefa masa a cinya. "To ga aikin hannun mai rai. Warware mini."

Nas ta ce ba reza a nan. Daga baya ta yarda da ɗan ƙarfen warware ɗinki, a gabanta, in ya gaji ya mayar mata. Ya karɓa ya fara. Ya cire layi, ya tarar da wani a ƙasa. Ya cire wannan, ga wani. Ya tuna yinin da ya ɓata a kan kafaɗar nan yana jin cewa ba telan da ya taɓa yin irinta. Can ƙasa ya iske layin farko, miƙaƙƙe, tsaf. Duk sauran ɓarna ce. Ya daɗe yana kallonsa.

Yana cikin wannan aikin wata rana yayansa ya shigo da zafinsa. Makaranta ta sake kawo aikin riguna, kuma shugabanta ya ce in Tela bai fito ba zai ba wani.

"Ka yi barci, ka ci, har kumatu ka yi. Me ya rage? Tashi mu tafi."

Tela ya ɗago kai daga rigar. Ya ji ƙarar keke a kunnensa, ya ga tulin yadi, kuma nan take bakinsa ya kawo yawu, don ya san abin da zai nema kafin ya kai rabin tulin. Ya miƙa wa yayansa kafaɗar rigar, duk huji.

"Yaya, wancan karon ma haka kuka ce. A ba wani."

"Abincin gidanka ne fa!"

"Na sani. Ba inda za ni sai likita ta ce."

Aikin ya tafi, yayansa ya yi fushi ya huce. Tela ya zauna har aka sallame shi, kuma bai daina komawa asibitin wurin zaman magana ba. Ya zama mai nawa. Rana na faɗuwa yake rufe shago, ko wa ke jira. In abin ya taso masa sai ya bar keken ya fito ya tsuguna kusa da buhunana, ina zaginsa yana gumi, har ya wuce.

Daga baya ya yanke shawarar tashi daga layinmu, don mai sayar da abin ya san ƙofar shagon. Ranar da aka ɗora keken a mota ya kawo mini rigata, ya sake ɗinka ta. Na zura, hannu biyu suka fito.

"Yaya, 'yar tsohuwa? An yi yayi?"

Na ce, "Hujin allurarka na nan a kafaɗa, kuma haka zan sa ta. Ka ji ni da kyau. Ranar da ƙafarka ta ƙi taka keke, kada ka zauna kana kallonta kai kaɗai, taka ta zuwa wurin likitarka. Sannan ka nemi mai gawayi mai baki irin nawa, in za ka samu."