Uwar Kwalabe da Ruwan Rijiya

Mai karatu ya sani tun farko cewa akwai ɓarna a ƙarshen wannan tarihi, kuma hannun masoyi ne ya yi ta.

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya a shekarar 1971 a wani ƙaramin gari na bakin tafki, mahaifinta masunci, mahaifiyarta ungozoma. Ta shiga firamare a 1977, ta kammala jami'a a 1994 a fannin ilimin halittu.

Aiki

A 1996 ta kama aiki a ɗakin bincike, inda ta duƙufa kan wata halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya gani sai da madubin bincike mai ƙara girman abu. Idan aka taɓa halittar, sai ta feso ƙananan kibau, kuma sinadarin kalsiyam ne ɗan aiken da ke isar da umarnin fesawar a cikinta. Tambayar da ta ci rayuwar marigayiya ita ce: daga ruwa kalsiyam ɗin yake shiga, ko halittar tana da rumbunsa a ciki? Yawan kwalaben kiwonta ya sa aka laƙaba mata Uwar Kwalabe.

Aure

A 1998 ta auri wani tela. Yakan tsokane ta da cewa 'ya'yan kwalba sun fi nasa cin abinci a kan lokaci, takan ce ai su ba sa neman ƙari.

Jinya

A 2022, ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, ta shirya gwajin ƙarshe a ruwan da aka raba da kalsiyam. Maigidan, da yake raka ta aiki, ya so ya rage mata wahala, sai ya kwashi kwalabe goma sha biyu zuwa gida, ya wanke su da ruwan rijiya, ya mayar da su cikin sauran kwalaben bai faɗa ba. Halittun suka fesa, ta rubuta cewa tunda babu kalsiyam a ruwan, akwai rumbu a cikinsu.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a watan Maris na 2023, aka binne ta a ranar. Ta bar 'ya'ya uku: babbar, ɗalibar ilimin halittu, namijin, mai koyon ɗinki, da auta, 'yar sakandare.

Daga bakin babbar 'yarsa ne maigidan ya ji cewa ruwan rijiya yana barin kalsiyam a jikin kwalba. Ya yi wata biyu yana juyayi, domin a kan sakamakon uwarta za ta ɗora digirinta, sannan ya faɗa mata abin da ya yi. Ta koma gwajin daga farko. Har yau ba a san ko kwalaben da ya wanke ne marigayiya ta ɗauka ranar gwajin ba.