Idon Malam Zakiru

Shekara talatin Malam Zakiru yana naɗin wayar inji a wata rumfa a unguwar Oloumi. Daga Damagaram ya zo da jaka ɗaya da taurin kai. Ba ya gaisuwa mai tsawo, amma injin da ya fito daga hannunsa sai ya gaji da aiki don kansa.

Da injin markaɗena na unguwar Nzeng-Ayong ya mutu, na samo wani na hannu, na kira shi ya haɗa mini. Ya buɗe akwatin wayoyin, ya jera 'yan sandunan tagulla uku a tsaye kamar yadda na tsohon suke. Sai na lura da yatsa yake lalube, ba da ido ba. Ya kai hancinsa kan ɗan allon lambar inji kamar mai shinshinar daddawa.

Na ce, "Malam, karatu kake ko sumbata?"

Nan na gane idonsa ne ya yi rauni. Mai gyaran lantarki in aka ce ba ya gani, ko fitila ba a ƙara ba shi.

Can ya ce, "Hajiya Ƙulu, kin san lamba?"

"Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma wayata ba aljani ke danna mini ita ba."

Na duƙa na karanto masa: biyu, biyu, sifili, sai uku, takwas, sifili.

Ya yi salati, ya kwance sandunan, ya kwantar da su a jere ɗaya. Ya ce wutar da ke shigo mini ɗari uku da tamanin ce. A tsaye, wato tiriyangil, kowane naɗi shi kaɗai zai ɗauke ta, ya zuƙi kuran, wato wuta, fiye da cikinsa, ya ƙone. A kwance, wato etuwal, naɗi biyu ke tarar ta, kowanne ya sami ɗari biyu da ashirin, daidai ƙarfinsa.

Na ce, "Ashe inji ma ya san a kama masa kaya. Kai ne ba ka sani ba."

Ya kunna, inji ya ɗauka lafiya lau.

Tsawon shekara huɗu bayan nan, duk injin da aka kawo masa, sai ya aiko in shiga taksi in je "shan shayi", in karanta masa lamba a ɓoye. 'Yan Oloumi har suka fara cewa aure za mu yi. Na bar su da zancensu, ya fi gaskiyar sauƙi a gare shi.

Bara ya koma Damagaram wurin 'yarsa. Har ya rufe rumfar, ba injin da ya ƙone a hannunsa.