Irin Geron Inna da Fitilun Alhaji

Shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasar nan, ina aure a wani gida kusa da bakin iyakar Jibiya, ina sayar da tuwo ga direbobin da ke jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi. Babba a gidan shi ne yayan mijina. Mutumin da a da ko akuya ya ɗaure sai ta kwance, shi ne ya shiga tsallaka da fetur a jarka. Kafin ka ce kwabo ya je hajji, ya dawo da haƙorin Makka, ya sayo janareto. Ya jera dogayen fitilu a ƙofar gida ta yamma, tun rana ba ta gama faɗuwa ba zai tada inji, don mutanen Daddara su hango su san ya samu.

A gidan nan ba a shuka sai Kaza ta faɗi. Ina nufin Kaza da 'ya'yanta, ƙananan taurarin nan da ke cure wuri guda. Da bazara ana duba ta a yamma bayan magariba. Kullum tana ƙara yin ƙasa, ranar da aka neme ta aka rasa, ruwan da ya biyo baya shi ne na shuka. Wanda ya sauka tana sama ba a amince masa. Surukina ne ke duba ta. Da ya rasu Alhaji ya gaji rawaninsa da buzunsa, ya ɗauka har idon ya gada.

Dami ɗaya na gero ya rage mana bayan fari. Iri ne da Inna, uwar mijina, ta zo da shi daga gidan ubanta a Riko tun tana amarya, kowace kaka tana ware nasa. Lokacin yunwa mun ci dusa, mun ci ganye, ta hana kowa taɓa shi.

Sai ga ruwa ya sauka da wuri. Da magariba Alhaji ya tsaya ƙarƙashin fitilunsa, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga kai kamar mai shan magani, ya sauke.

"Ta hwaɗi," in ji shi. "Gobe a tahi gona."

Idon Inna ya riga ya yi rauni. Ta ce, "Ka duba da kyau dai?"

"Haba Inna, ni da nig ga duniya daga cikin jirgin sama?"

Mijina ya bi maganarsa, don shi ke ɗaukar wa Alhaji jarka. Washegari aka sussuke damin nan kaf aka zuba a ƙasa.

A yammacin ranar na je karɓo kwanukana wajen direbobin da suka yi fakin can bayan shingen iyaka, inda hasken Alhaji bai kai ba. Na ɗaga kai, ga Kaza nan zaune da 'ya'yanta, ko alamar faɗuwa babu. Na dawo na gaya wa Alhaji.

"Matar ƙanena," ya ce, "ki tsaya ga tuwonki. In tana nan, mi ya hana in gane ta ga wuta haka?"

Har yau in na tuna wannan magana raina ɓaci yake. Shi a ganinsa fitila taimaka masa take.

Gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sama ta ɗauke, rana ta buɗe, ya ƙone tas. Da ruwan gaske ya zo babu ko ƙwaya da za a sake zubawa.

Alhaji ko a jikinsa. Ya sa aka sauke buhun shinkafar waje a tsakar gida, ya farke bakinsa da kansa, yana murmushi don a ga haƙori.

"Ga shi, Inna. Wa ka damuwa da gero yanzu?"

Inna ta sa hannu ta ɗebo, ta mutsuttsuka farin ƙwayoyin a tafinta, ta kai kusa da ido.

Ta ce, "Wagga ana shuka ta?"